Ranar da Na Ja Motar Bawa

Dā ƙarar jirgin ƙasa ce ke tashina da asuba, yanzu kuwa kafaɗata ce, ta dama. Tana fara ciwo tun kafin ladan ya gyara murya. In kwanta ta wannan gefe ta ƙi, in juya wancan ta ƙi, sai in haƙura in tashi zaune ina sauraron babura suna wucewa. Likita ya ce tsufa ne. Na ce masa famfon taya ne. Ya yi dariya ya rubuta mini magani, domin shi bai taɓa ganin ƙato ya cika tayar babbar mota da hannu ba, kuma ba na jin zai gani.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rubutu ke wahalarwa kamar hawan tudu da lodi, shi ne wata fita da na yi da babban ɗana kwanakin baya. Yana da akori-kura irin ta zamani, wadda ke yi wa mutum magana da 'yan fitilu. Ya ɗaura mata tankin ruwa mai ƙafa biyu a baya zai kai gona, muka tsaya wurin mai faci a bakin hanya. Injin iska na ta ruri, aka jona tiyo, aka kalli geji, aka cire. Gaba da baya duk awo ɗaya, kuma motar ta riga ta sha rana. Na ce, “Ka gaya masa ja za ka yi?” Ya ce, “Baba, in da matsala mota za ta nuna.” Na ce to. Me zan ce? Ni dai karatun bokona bai yi nisa ba. Malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba faɗa. Amma tun daga wurin har gona hankalina yana kan tayoyin baya, kuma zuciyata ta koma wata tasha da yanzu an gina shaguna a kanta.

A tashar nan ta Minna muke ajiye motocinmu su kwana, mu direbobin da ke ɗauko doya daga Kuta da ƙauyukanta. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, shi ya sa kowa ke ce mini Ɗan Reluwe, har wasu ba su san sunana na yanka ba. A bakin ƙofar tashar akwai wani tsoho mai faci, Baba kawai muke ce masa. Ba shi da inji, ba shi da geji. Kayan aikinsa famfon hannu ne dogo mai mariƙin katako, da bahon ruwa, da wani guntun ƙarfe da tafin hannunsa ya goge har yana ƙyalli. Kowace safiya bayan salla, kafin kowa ya tayar da mota, sai ya ɗauki ƙarfen nan ya bi layi yana bugun tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Muna shan koko muna ji. Wata ta ce ƙam, wata ta ce dum, wata ta yi wata irin amsa kamar an bugi buhun dusa. Ba ya tambayar motar wa ce. Abin da ya ji shi zai faɗa, da ƙarfi, kowa ya ji. Ya kan ce, “Ta cikin nan ta hagu tana barci, 'yar'uwarta ke ɗauke da ita.” Ko ya ce, “Wannan an cika ta kamar za ta Makka, alhali kasuwa za ta.” Wanda aka faɗi tasa sai ya ajiye kofi ya nufi famfo.

A wurinsa muka koyi cewa iska iri biyu ce. Akwai iskar yawo, ta motar da ba kaya, akwai iskar ja, ta motar da ta ɗauki lodi ko za ta jawo wata. In mota ba kaya ka bar tayoyin baya da tauri, za ta riƙa tsalle a kan kwalta kamar akuya, haƙoranka su yi ta karo da juna, tsakiyar taya ta cinye ta bar gefe. In kuma ka ɗora nauyi a kan taya mai laushi, sai ta baje, gefenta ya yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi, har ta fashe maka a inda ba gari. Tagwayen baya kuwa dole su zo daidai, in ba haka ba ɗaya ta yi aikin biyu. Amma abin da ya fi nanatawa, har muka gaji da ji, shi ne ba a yi wa taya hukunci da zafinta. Ya ce taya in ta yi tafiya kumbura take, ta yi tauri, ka ɗauka iska ta yi mata yawa. In ka sace mata a lokacin, da ta huce za ka tarar da ita kwance. Wanda duk ya yi haka, a tasharmu, ba a ɗaukarsa direba. Sabon shiga ne kawai ke yin sa, shi ma sau ɗaya.

Yanzu in mota ta mutu a hanya waya ake bugawa, a zo da motar ja, a yi ciniki, kowa ya kama gabansa. Mu a lokacinmu ba ka wuce ɗan tasharku a hanya, ko jiya kun yi dambe. Za ka tsaya, a kwashe kayansa a zuba a taka don tasa ta yi sauƙi, a ɗaura sarƙa. Amma kafin a motsa sai an ƙara wa tayoyinka na baya iskar ja, kuma wanda za a ja shi ne zai buga famfon. Ladanka ke nan, gumin goshinsa. Kai kana zaune a inuwa kana ba shi shawarar yadda ake riƙe mota. In an iso tasha a bar motar ta kwana da iskarta, da safe Baba ya zo ya danna bawul ya sace iskar a gaban jama'a. Wannan huci mai tsawo shi ne shela. Duk wanda ya ji sai ya ce, “Wa aka goyo jiya?” Daga nan sai tsiya, har mutum ya yi mako yana sunkuyar da kai. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, a fagen nan ba ni da na biyu. Ina da baki. In aka goyo mutum har waƙa nake yi masa, in ɗauki zani in goya tsohuwar taya in yi ta zagaya motarsa.

Wanda ya fi kowa shan bakina shi ne Bawa. Bagware ne daga wani ƙauye bayan Kuta, Kirista, ƙato mai sanyin magana, mun fara tuƙi kusan tare. Ni ina ce masa Mai Doya, shi yana ce mini ɗan ci-rani wanda jirgi ya manta da ubansa a Minna. Ba laifinsa ba ne yawan goyon da ake masa. Motar da aka ba shi ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa. Amma mai motar, wani Alhaji mai shagon yadi, ba ya jin wannan. Kunya ce ke damunsa, a ce kullum motarsa ce a bayan sarƙa. Wata rana ya zo tasha ya faɗa a gaban kowa, “Bawa, in na sake jin an jawo motar nan, ka ajiye mini makulli. Akwai masu so.” Kuma akwai ɗin. Bawa na da mata da 'ya'ya ƙanana, ga tsohuwarsa a ɗaki, duk a kan makullin nan suke ci. Ranar ko ni ban yi waƙa ba.

Sabuwar doya ta fara fitowa amma ba ta kankama ba, aiki kaɗan ne, duk mun sallami masu taya mu lodi. Na je Kuta ban samu kaya ba, na juyo wayam bayan azahar. An yi ruwa da safe, rana ta fito da haushi, ƙasa na tururi. Na sha wata kwana ke nan sai ga motar Bawa a gefen hanya, cike da doya, shi kuma yana zaune a kan matakala ya rataye hannuwa tsakanin gwiwoyi. Na tsaya na leƙo ta taga.

“Mai Doya, hutawa ake?”

“Wuce abinka, Ɗan Reluwe.”

“In wuce in ce wa Baba me? Me ya same ta?”

“Kuloci. Tun ɗazu nake jin ƙauri.” Ya ɗago ya dube ni. “In ka ja ni tasha, na gama. Ka sani.”

“In na bar ka a nan ma ka gama. Doyar mutane za ta dahu a rana, gobe Alhaji ya aiko a nemo ka.”

 Sai ya ce akwai wani makaniki ɗan cocinsu a unguwar Ketaren Gwari, yana da tsohon kuloci a ajiye, kuma ba shi da surutu. In za a iya kai motar can ta bayan gari ba tare da an bi ta gaban tasha ba, zai gyara ta kafin safiya. Na ce to tashi mu kwashe doya.

Mun kwashe, ni a sama shi a ƙasa yana miƙo mini. Tun a nan na lura yana haki, amma na ɗauka gajiya ce. Da muka gama na sauko da famfona daga bayan kujera na dasa masa a gaba, na nemi inuwar wata ɗorawa na miƙe ƙafa, domin al'ada al'ada ce.

“Bismilla, ranka ya daɗe. Ka fara da ta ciki, ita ce mai wuyar kai.”

Ya jona tiyo ya taka famfon ya fara. Bai yi nisa ba na ga ya tsaya ya dafa taya. Ya sake kamawa, ya sake tsayawa. Sai ya zame ya zauna a ƙasa cikin laka. Na zo na taɓa wuyansa, kamar murfin injin da ya hau tudu.

“Tun yaushe?”

“Kwana nawa ne ma. Ban ƙirga ba.”

“Shi ne ba ka kwanta ba?”

“In kwanta wa ya riƙe makullin?”

 Na ja shi zuwa inuwar da na tashi, na ba shi gorar ruwana, na koma na kama mariƙin katakon nan. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Da farko famfo na tafiya da kai kamar wasa. Da taya ta fara cika sai ya fara gardama, kowane dannawa sai ka hau kansa da duk nauyinka, ka ji iskar ta shige da ɗan kuka, ka ɗago, ka sake. Ka gama ɗaya ka buga mata ƙarfe ka saurara, ka tuna zafin hanya na cikinta, ka ƙara mata kaɗan a kan abin da kunnenka ya ce, ka koma ta kusa da ita. Rigata ta jiƙe na tuɓe ta. Ina yi ina zagin kulocin, da wanda ya ƙera shi, da Alhaji, da yadin da yake sayarwa. Bawa na kwance ido a rufe, sai na ji ya ce, “Ka lanƙwasa gwiwa, Ɗan Reluwe. Da baya kake yi kamar mai daka.” Na ce in ya sake magana zan bar shi nan kuraye su yi masa kuloci.

Muka ɗaura sarƙa muka kama hanya a hankali, ni ina duban madubi ina ganin kansa na lilo a bayan sitiyari, ina addu'a kada ya sume ya hau ni. Muka bi ta bayan gari muka shiga Ketaren Gwari rana na shirin faɗuwa. Makanikin ya duba ya ce zai yi. Sai da muka sake mayar da doyar nan cikin motar Bawa, domin da safe shi zai shiga kasuwa da ita kamar ba abin da ya faru. Wannan karon ni da makanikin muka yi, Bawa na jingine da bango matar makanikin na ba shi jiƙo.

Saura abu ɗaya. Motata ba kaya, amma tayoyinta na ɗauke da iskar ja. In na kai ta tasha haka, da safe ƙarfen Baba zai ce ƙam, shi kuma ya ce, “Wa ka goyo?” In bar ta a nan ta huce kuma ba dama, rashin ganina a tasha ma tambaya ce. Na taɓa tayoyin, zafi kamar kaskon waina. Na san abin da Baba ya ce. Amma na gaji, magariba ta kawo kai, kuma na yarda da kunnena fiye da yadda ya cancanta. Na ce zan sace kaɗan-kaɗan in bar mata rarar zafi. Na tsuguna da tsinken ashana ina dannawa ina bugawa, har na ji amsar da na saba ji da safe. Rarar da na ce zan bari, ban san inda ta tafi ba. Na shiga tasha na ajiye mota na tafi gida ina yaba wa kaina wayo.

Da safe na zo na tarar da Alhaji a tsaye kusa da mai koko, da babbar riga, fuska a ɗaure. Motarsa ba ta kwana a tasha ba. Aka ce masa ni ne na ƙarshen dawowa daga hanyar Kuta.

“Kai, Ɗan Reluwe, ka ga Bawa?”

“Na gan shi, Alhaji. Da doya cike da mota. Ina jin sai da safen nan zai shigo kasuwa.”

“Lafiyar motar ƙalau?”

“Da na rabu da shi dai ana kula da ita sosai.”

Yana cikin dubana sai ga Baba ya iso layinmu da ƙarfensa. Ya bugi ta gaba, ta amsa daidai. Ya zo baya ya buga. Ni kaina daga inda nake na ji buhun dusa. Ya bugi ta ciki, haka. Ya zagaya ɗaya gefen, haka. Ya tsaya. Na ga idonsa ya sauka a kan ƙarfen bayan motata, inda sarƙa ta kankare tsatsa ta bar sabon zane mai haske, ga ɓawon doya a maƙale a ƙasan bodi, ni da na ce wa kowa wayam na dawo. Ya sa tafin ƙafarsa ya ture wani ɓawo da ya faɗo zuwa ƙarƙashin mota. Alhaji ya matso.

“Baba, me ya samu tayoyinsa duka lokaci guda?”

Baba ba ya ƙarya, kowa ya sani. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe, sannan ya ɗaga murya yadda ya saba.

“Ba abin da ya same su, Alhaji, hannunsa ne. Jiya ya taɓa su ya ji zafi da tauri, ya zauna ya sace musu iska. Ƙato da gemu.”

Tashar ta fashe da dariya. Wani ya ƙware da koko. Mutanen da na shekara ina yi wa waƙa suka taso kamar an buɗe musu ƙofa. Ɗaya ya ce, “Kai da ke koya mana tuƙi?” Wani ya ce a nemo mini littafin koyon mota. Alhaji ma sai da ya yi murmushi, ya ce, “To me ya kai ka? Mota ba kaya, me ya sa suka yi maka tauri har ka taɓa su?” Amsar na bakina. Kalma biyu ce, in faɗe ta in fita kunya, kowa ya san ba wauta ce zalla ba. Baba na tsaye yana goge ƙarfensa da gefen riga, bai dube ni ba. Na sosa ƙeya na ce, “Wallahi Alhaji, tsautsayi ne. Na ji motar na tsalle ne.” Baba ya ce, “Kawo famfo. Kuma ba mai taya shi.”

Haka na sake kama mariƙin nan da kafaɗar da ko rigata da ƙyar ta sa, jama'a sun kewaye ni suna ƙirga mini da tafi. Ina tsakiyar ta biyu sai na ji ƙarar injin da na sani. Motar Bawa ta shigo da ƙafarta, ya riga ya sauke doya a kasuwa. Ya sauko a hankali yana dafa ƙofa, idonsa ja, ya gaida Alhaji, ya ce lodi ne ya yi masa dare. Alhaji ya zagaya motar sau ɗaya ya tafi shagonsa. Aka ba Bawa labarina. Na ga ya tsaya, ya dube ni, ya dubi Baba. Duk tashar na jiran ta bakinsa, domin ba wanda na ci wa fuska kamarsa, in ya yi shiru sai an tambayi dalili. Ya je ya ɗauko zanin da nake goyon taya da shi, ya ɗaura mini a ƙugu, ya ce, “Ku matsa ku ba Sace-da-Zafi wuri ya yi aiki.”

Sunan ya zauna. Ɗan Reluwe ya mutu a ranar. Har na bar tuƙi, direbobin da ba a haife su ba lokacin suna kirana Baba Sace-da-Zafi, kuma ba wanda ya ƙara tambayata shawara a kan taya, ni da na fi yawancinsu kunne. Waƙa ma na daina, domin da na buɗe baki za a tuna mini. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu. Bawa kuwa ya riƙe makullin nan shekaru, har Alhaji ya sayar da motar don kansa ya ba shi wata. 'Ya'yansa duk sun yi karatu.

Yana unguwar Fadikpe yanzu, a gidan da babbar 'yarsa ta gina masa, ƙafafu sun ƙi. Nakan hau Keke in je in gaishe shi in jikina ya yarda. Ba mu taɓa zancen jan motar nan ba, ko sau ɗaya, ko muna mu biyu. Amma in jikokinsa suka taru ya kan nuna ni ya ce, “Kun ga wannan tsohon? A duk tasharmu shi kaɗai ne ya taɓa sace wa taya iska da zafinta.” Ya ba su labarin tun daga koko har zani, yana ƙara gishiri duk shekara. Zuwana na ƙarshe wata 'yar ƙarama ta ce, “Kaka, da gaske ne?” Na ce da gaske ne. Suka yi ta dariya, shi ma yana yi. Hannunsa na kan gwiwata tun da ya fara labarin, kuma har yaran suka watse bai ɗauke ba.